Littattafan yara da taurari ke rubutawa: labari muke saye ko suna?

Maman_Hibba: Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ke cina tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan. Na shiga babban kanti a nan Bamingam don cefanen mako, sai na biya ta layin littattafan yara. Wallahi fiye da rabin abin da ke jere sunayen da na sani ne daga talabijin: wannan ɗan barkwanci, wannan mawaƙiya, wancan ɗan ƙwallo, har da mai koyar da girki. Na ɗauki na wata mawaƙiya da nake so tun ina budurwa, kusan fam 13, bango mai ƙyalli kamar leshin biki. Da daddare na zauna zan karanta wa Hibba, shekararta biyar. Ba mu kai shafi na shida ba ta sa hannu ta rufe littafin ta ce, "Mama a ɗauko na ɓera da dodo." Wato wani tsohon littafinta da bangonsa ya rabu biyu na liƙe da salatif. Ni kaina da na ƙarasa shi bayan ta yi barci ban ga labari ba, nasiha ce kawai aka jera: ki so kanki, ke ta daban ce, ki yi mafarki babba. To wa ya yi me? Ina aka je? Babu.

Tambayata: cikin waɗannan taurarin akwai wanda ya iya rubutun yara da gaske, ko dai duk suna ake sayar mana?

Abban_Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya suna kika saya, takardar kyauta aka ba ki.

Malamar_Laburare: Maman Hibba sannu da asarar fam 13. Amma kada a yi musu kuɗin goro. Ina aiki a laburaren wata firamare a nan Ingila, kuma abin da idona ke gani kullum shi zan faɗa. Littattafan David Walliams, ɗan barkwancin talabijin ɗin nan, ba sa kwana a kanta. Yaron da ko ka ɗaure shi ba zai buɗe littafi ba, shi ne zai zo yana tambaya ko an dawo da na kakar nan ɓarauniyar gwal. Mutumin ya fara a 2008, Quentin Blake ya zana masa hotunan farko, wato wanda ya yi wa Roald Dahl zane, daga baya Tony Ross ya karɓa. An sayar da littattafansa sama da miliyan 50. Ba zan ce maki adabi ne mai zurfi ba. Dariyar tusa da majina da wari ta yi yawa, kuma in ka karanta uku ka karanta goma. Sannan yana da ɗabi'ar mayar da mai ƙiba ko talaka abin dariya, wannan ba ya min daɗi. Amma yaro ya zauna ya cinye shafi 250 da kansa ba wanda ya tsaya a kansa da bulala, a wurina ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan_Tsangaya: Malama ki yi haƙuri in ɗan gyara. Walliams bai kamata a sa shi layi ɗaya da mawaƙiyar Maman Hibba ba. Kafin ya taɓa littafin yara ya shekara da shekaru yana rubuta wasan barkwanci na rediyo da talabijin shi da Matt Lucas. Ya san inda ake ajiye abin dariya a jimla, ya san yadda ake jan mai sauraro. Maƙeri ne ya koma ƙera wata irin wuƙa. Wanda ake magana a kai shi ne wanda bai taɓa riƙe guduma ba aka wayi gari an buɗe masa maƙera a bakin kasuwa.

Malamar_Laburare: Na yarda da gyaran Malam. Sai dai iya sana'ar bai hana shi tuntuɓe ba. A 2021 kamfanin da ke buga masa a lokacin, HarperCollins, ya sanar zai cire wani labari daga ɗaya cikin littattafansa, na wani yaro ɗan asalin Sin mai suna Brian Wong, bayan an yi ƙorafin yadda aka siffanta shi. Littafin ya fito tun 2016, sai da ya shekara biyar a hannun yara kafin a cire.

Ummu_Khalil: Ni dai shawarata iyaye su riƙa dubawa kafin su miƙa. Littafinsa na farkon nan ma labarin yaro ne namiji da ke sa rigar mata. Kowa ya auna da tarbiyyar gidansa, kada ganin suna a bango ya sa mutum ya saki jiki.

Tawada_da_Allo: Bari in shigo, don wannan maganar ta taɓa min inda ke ciwo. Shekara shida ina rubuta labaran yara da Turanci ina aikawa. Wani kamfanin ɗab'i, ba zan kama suna ba, editarsu ta rubuto min cewa labarin ya burge ta, sai a sakin layi na biyu ta tambaye ni mabiya nawa nake da su a Instagram. Na faɗa mata gaskiya, ba su kai 400 ba, rabi ma dangi ne. Daga ranar ban sake jin ɗuriyarta ba.

Ku fahimci yadda kasuwar take. Kamfani na biyan tauraro kafin alƙalami mai kauri. Da zarar sun zuba wannan kuɗin dole su fanshe shi, don haka kuɗin talla duk can yake tafiya: hira a talabijin da safe, hoto a tashar jirgin ƙasa, tebur na gaba a kantin littattafai. Manyan kantunan cefane irin wanda Maman Hibba ta shiga kuwa littattafai 'yan kaɗan suke ɗauka, kuma nan ne iyaye da yawa ke sayen littafi, tsakanin madara da omo. To in wuri goma ne taurari suka cinye bakwai, ina sauran za su tsaya? Ƙungiyar ALCS, mai karɓar wa marubuta kuɗin haƙƙinsu, ta yi bincike a 2022, ta samu cewa matsakaicin abin da marubucin da ya ɗauki rubutu sana'a ke samu a Birtaniya fam 7,000 ne a shekara. A shekara fa. Wanda ke zaune a ƙasar nan ya san hayar ɗaki ma ba za ta fita a ciki ba.

Kurciya99: Allah ya kawo maki mafita 'yar uwa. Amma ni na ji ana cewa ribar da ake samu a littafin tauraro da ita ake buga na sababbin marubuta. In haka ne ai kowa ya amfana.

Tawada_da_Allo: @Kurciya99 haka kamfanonin ke faɗa. Ni dai har yanzu romon bai gangaro kwanona ba. Kuma ki tuna abin da ya faru da Ranar Littafi ta Duniya ta 2018 a Birtaniya, inda ake ba yara takardar fam ɗaya su karɓi littafi. Da aka fitar da jerin littattafan shekarar sai ga Julian Clary, Nadiya Hussain, Clare Balding da Tom Fletcher, duk fuskokin talabijin ko waƙa. Marubutan yara suka yi ca. Ranar da aka ware don a nuna wa yaro faɗin duniyar littafi, sai aka nuna masa mutanen da dama yana ganinsu a falo.

RedDevil_Fagge: Kai jama'a, kun bar babban misali. Marcus Rashford fa? Yaron nan da bakinsa ya ce sai da ya kai shekara 17 ya fara karanta littafi. A 2021 ya fitar da You Are a Champion, a 2022 aka ba shi kambun littafin shekara a gasar littattafan Birtaniya. Ya kafa kulob na karatu tare da kamfanin ɗab'i na Macmillan, aka raba littattafai 50,000 kyauta ga yaran da ba su da hali. Ɗan yayana da ke Manchesta bai san komai ba sai wasan kwamfuta, ganin hoton Rashford ya sa ya karanta littafi daga bango zuwa bango karon farko a rayuwarsa. Wannan ma suna aka sayar masa, kuma alhamdulillahi da aka sayar.

Gunner_Har_Abada: To ɗan Man U, ko a zancen littafi sai kun kawo ɗan wasanku. Littafin dai ya ci kofi, ƙungiyar fa?

RedDevil_Fagge: Ka bari mu haɗu a wancan zauren, nan na manya ne.

Ɗan_Tsangaya: Abin da ya burge ni a lamarin Rashford ba kambun ba ne. Sunan Carl Anka, ɗan jaridar da suka rubuta tare, yana nan a bango kowa na gani. Da ya zo littattafan ƙagaggen labari ma sunan Alex Falase-Koya na nan. Kuma littafin farko da kulob ɗinsa ya raba ba nasa ba ne, na wata marubuciya ce Pooja Puri. Ya ɗauki hasken da Allah ya ba shi ya haska wasu. Wannan daban da wanda za a rubuta masa tsaf ya fito talabijin yana cewa ilhama ta sauko masa yana wanka.

Abban_Sadiq: Dama ana rubuta musu? Ni na ɗauka ko banza suna zama su yi.

Tawada_da_Allo: Yallaɓai akwai sana'a guda, marubutan bayan fage. A biya ka dunƙule, ka sa hannu ba za ka yi magana ba. Wanda ya fi tashe shi ne na Zoella, yarinyar YouTube. A 2014 littafinta ya sayar da kwafi sama da 78,000 a makon farko, sai daga baya kamfanin ɗab'in, Penguin, suka amsa cewa ba ita kaɗai ta rubuta ba, aka gano Siobhan Curham ce ta yi aikin tare da ita. Ba duka ne ke haka ba, wasu da hannunsu suke yi. Wani lokacin ma gara a rubuta musu, don in suka yi da kansu edita na jin nauyin ya ce wa tauraro wannan shafin bai yi ba.

Baffa_Mai_Ritaya: 'Ya'yana ni ban ga abin tashin hankali a nan ba. Na yi aikin gwamnati shekara 35, jawabin da na rubuta wa manya suka karanta aka tafa musu ba ya ƙirguwa. Ba wanda ya taɓa cewa an cuce shi. In littafin ya yi kyau, yaro ina ruwansa da wanda ya riƙe biro?

Malamar_Laburare: Baffa Allah ya ƙara girma, amma akwai ɗan bambanci. Kowa ya san ana rubuta wa gwamna jawabi. Yaro ɗan shekara takwas bai san ana rubuta wa ɗan ƙwallo littafi ba. Akwai ranar da na tambayi 'yan aji huɗu me ake yi a zama marubuci, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce sai ka fara shiga talabijin. Aji ya yi dariya, ni ban yi ba.

Baffa_Mai_Ritaya: To wannan kuma kin kama ni 'yata.

Sha'irin_Zazzau: Ni ta fannin sana'ar zan duba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ƙanƙantar littafin. Littafin hoto galibi shafi 32 ne, kalmomi 'yan ɗaruruwa. Sai mutum ya ce ai wannan kafin shayi ya huce na gama. Alhali ƙarancin kalmar shi ne wahalar, don ba inda za ka ɓoye rauni. Dr. Seuss ya rubuta Green Eggs and Ham a 1960 da kalmomi 50 kacal yana jujjuya su, caca suka yi da mai kamfanin ɗab'insa cewa ba zai iya ba. Maurice Sendak a 1963 ya ba da labarin fushin yaro da huce shi da kalmomi 338. Kowace kalma an auna ta kamar zinari a sikeli.

Sannan yawancin taurarin nan sai sun nace a kan waƙa. To mu da muka taso da rubutacciyar waƙa mun san amsa-amo ba shi kaɗai ne waƙa ba, akwai kari. In ɗango ɗaya ya fi ɗan'uwansa gaɓa biyu, harshe zai yi tuntuɓe. Mawaƙi a situdiyo yana iya jan murya ya cike giɓin, kiɗa ya rufa masa asiri. A takarda babu kiɗa, uwa ce a gajiye ƙarfe takwas na dare take karantawa da muryarta. Nan asirin ke tonuwa. Sai ka ga an murɗe jimla an sa ƙafa a sama don kawai ƙarshenta ya yi daidai da na sama.

Maman Hibba, na ɓera da dodon nan in ban yi kuskure ba The Gruffalo ne ko?

Maman_Hibba: Shi ne Malam. Na karanta shi ya fi sau ɗari, har na haddace, in na tsallake layi sai ta kama ni.

Sha'irin_Zazzau: To kin gani. Julia Donaldson, wadda ta rubuta shi, ta daɗe tana rubuta waƙoƙin yara a talabijin kafin nan, littafinta na farko ma a 1993 waƙa ce aka mayar littafi. Wannan ya fito 1999. Ki lura da ginin: ɓera ya haɗu da dabbobi uku yana tafiya, ya sake haɗuwa da su yana dawowa, yaro na hasashen abin da zai biyo baya yana jin daɗin ya canka daidai. Irin ginin tatsuniyar Gizo ne, mai rauni ya ci mai ƙarfi da wayo. Ba inda aka tsaya aka ce yara ku zama masu dabara. Labarin ya yi aikinsa ya wuce.

Hajjo_Texas: Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma sai na faɗi wannan. 'Yata ta biyu ta ɗauko kalar babanta, baƙa ce sosai, yayarta kuma fara. In mun je gida hutu sai ka ji mutane, da wasa wai, suna cewa "wannan ita ce ta kwashe kyan", "ke kuma ina aka samo ki". Tana da shekara shida na same ta a banɗaki ta shafe fuska da hannu da hodar jarirai, ta yi fari fat kamar an tsoma ta a gari. Na ce me kike yi? Ta ce so take ta zama irin Yaya. Wallahi zama na yi a bakin baho, na rasa abin cewa.

Wata maƙwabciyata 'yar Kenya ta kawo min Sulwe, na Lupita Nyong'o, wanda ya fito 2019. Yarinyar cikin littafin ta fi kowa duhu a gidansu, har ta ɗauki abin goge fensir tana goge fatarta, tana cin abinci mai haske ko za ta washe. Da muka zo wurin 'yata ta ɗago ta kalle ni ba ta ce komai ba. Wata guda kullum sai an karanta. Lupita 'yar fim ce, tauraruwa ce, amma abin da ta rubuta ta rayu a cikinsa. Don haka ni ba zan iya cewa duk na banza ne ba.

Ummu_Khalil: Allah sarki. Hajjo kin sa ni hawaye. Wannan maganar ta "fara ce ko baƙa" mu ma sai mun gyara bakinmu a gidajen suna da biki.

Kurciya99: Lupita ba 'yar Najeriya ba ce? Na ɗauka Ibo ce.

Hajjo_Texas: A'a, 'yar Kenya ce, Luo, a Meziko aka haife ta. An ma fassara littafin zuwa Swahili da Luo.

Mai_Zane_Kd: Anti Hajjo ina tare da ke, amma a matsayina na mai zane sai na ce a ba Vashti Harrison, wadda ta zana hotunan, haƙƙinta. Rabin ƙarfin littafin nan a hoton yake, yadda ta sa baƙar fata tana sheƙi cikin dare da shuɗi da shunayya. Har karramawar littattafan yara ta Coretta Scott King a Amurka ta samu a 2020 saboda zanen. Wannan shi ne sirrin da ba a faɗa: kamfani in ya kama tauraro sai ya haɗa shi da gwanin mai zane. Na Obama da ya rubuta wa 'ya'yansa, wanda ya fito 2010, Loren Long ya zana. Na Meghan matar Yarima Harry na 2021 Christian Robinson. Marubuci na iya yin mako biyu a kan kalmominsa, mai zane ya yi watanni a kan shafi 32, amma a bango sunan ɗaya kamar allon talla, na ɗayan sai ka sa tabarau. Ku gwada rufe rubutun da hannu ku kalli hoton kawai, sannan ku rufe hoton ku karanta rubutun kawai. Nan za ku san wa ya ɗauki wa a baya.

Abban_Sadiq: Kai wannan gwajin zai kunyata mutane da yawa.

Dr_Nana: Wani ɓangaren da ba a taɓo ba shi ne gaggawa da rashin bincike. A Nuwamban 2024 aka janye littafin Jamie Oliver, mai girkin nan, Billy and the Epic Escape, daga kasuwa gaba ɗaya. Ya sa wata yarinya 'yar asalin mutanen farko na Ostireliya a labarin, aka sace ta daga gidan riƙo. Ga al'ummar da gwamnati ta shekara da shekaru tana raba su da 'ya'yansu da ƙarfi, wannan ba abin wasa ba ne. Ƙari a kan haka, an ce yarinyar daga Alice Springs take amma aka sa mata kalmomin Gamilaraay, harshen wasu mutane can gabas. Kamar ka ce yarinya Basakkwaciya ce ka cika mata baki da Barbarci. Shi da kamfanin Penguin Random House duk sun ba da haƙuri, kamfanin ya amsa cewa ba a tuntuɓi mutanen ba kafin a buga. Tambayata ita ce, da sabon marubuci ne ya kawo wannan, editoci nawa za su tsare shi da tambayoyi?

RedDevil_Fagge: Amma Dakta shi ma mutumin yana da lalurar nan da haruffa ke rikice wa mutum, ya sha faɗa. Ya yi ƙoƙari da ya rubuta ma.

Dr_Nana: Ban raina ƙoƙarinsa ba ƙanena. Laifin ma na fi ɗora shi a kan masu tace aikin. Su ne sana'arsu kenan.

Baffa_Mai_Ritaya: Abin nan fa ba yau aka fara ba. Sarki Charles yana Yarima ya fitar da littafin yara a 1980. Madonna a 2003 ta fitar da nata rana ɗaya a ƙasashe sama da 100 cikin harsuna 30, ina Landan kwas lokacin, ko'ina ka juya shi ne. Yau jikokina ba wanda ya san shi. Na ɓeran Hibba kuwa har gidana akwai.

Malamar_Laburare: Baffa ka tuna min da Julie Andrews, 'yar fim ɗin nan. Ita a 1971, tana tsakiyar tashe, ta fitar da littafin yara da sunan aurenta, Julie Edwards. Kuma ba ta yi ɗaya ta gudu ba, ta ci gaba har ita da 'yarta Emma suka rubuta sama da 30. Ni wannan nake dubawa: in mutum ya dawo ya yi na biyu da na biyar bayan kyamara ta kau da kai, to da gaske yake.

Kurciya99: Chimamanda ma ai ɓoye sunanta ta yi a nata na yara na 2023, ta sa Nwa Grace-James.

Tawada_da_Allo: Ɓoyewar da sunanta na gaskiya ke rubuce a bangon? Sunan don tunawa da iyayenta ne, Grace da James. Kuma ita marubuciya ce tun asali, ba ta cikin wannan lissafin.

Bazinderiya: Ina gaishe ku daga Damagaram. Ina ta karantawa ina murmushi. Ku matsalarku littattafai sun yi yawa har kuna zaɓe. Ni nan in na nemi littafin hoto na Hausa mai kyau da zan karanta wa ɗana ɗan shekara huɗu, sai in gama gari. Abin da ake samu na Faransanci ne, da tsada, da dusar ƙanƙara a ciki. Da wani babban ɗan fim na Kano ko mawaƙi zai sa sunansa a littafin yara na Hausa, mai launi, mai araha, wallahi ko ba shi ya rubuta ba zan saya, in ƙara wa maƙwabta.

Sha'irin_Zazzau: Hajiya kin faɗi gaskiya mai ɗaci. Har yanzu Magana Jari Ce muke ja, littafin 1937, da tatsuniyoyin da Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara. Abubakar Imam kuwa malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya fara, rubutun ne ya yi masa suna. Amma ina tsoron abu ɗaya in taurarinmu suka shigo: wa'azi. Dama mu ko ba tauraro, labarin yara sai an rufe shi da "darasin da ke cikin wannan labari". In aka haɗa da mai son a ce yana faɗakarwa, sai yaro ya gudu.

Dr_Nana: Ko da Turancin ma ba a tsira ba. Gasar adabin Najeriya ta kamfanin gas na NLNG mai dala 100,000, da aka zo zagayen littattafan yara a 2015 alƙalai suka ce ba wanda ya cancanta, ba a ba kowa ba. Rubutun yara wuya gare shi ko ga waɗanda suka ɗauke shi sana'a.

Mai_Zane_Kd: @Bazinderiya in an samu mai zuba kuɗin ɗab'i, masu zane muna nan. Takarda mai launi ce ke kashe mu. Amma a sa sunanmu yadda za a gani ba tabarau.

Admin_Zaure: Jama'a zancen littattafan Hausa ya isa a buɗe masa nasa zaren, kuma zan buɗe in sha Allah. Mu dawo kan tambayar Maman Hibba.

Ɗan_Tsangaya: To ni a taƙaice ban yarda da Abban Sadiq ba cewa duk suna ne, ban kuma yarda da ɗan Fagge ba cewa tunda yaro ya karanta shi kenan. Yaron da aka shigar da shi ta ƙofar Rashford, wa zai miƙa masa littafi na biyu da ba hoton ɗan ƙwallo? In babu irin su Malama a laburare, a nan zai tsaya.

RedDevil_Fagge: Malam ko ya tsaya a nan ai ya fi inda yake da.

Tawada_da_Allo: Ni kuma har gobe ina cewa kowane gurbi da aka ba wanda bai iya ba, an hana wanda ya iya. Ba hassada ba ce. To, ko da ɗan hassadar kaɗan.

Malamar_Laburare: Maman Hibba dabarar da nake ba iyaye: kada ki saya sai kin ara. Katin laburare kyauta ne a unguwarku. Ki ɗauko biyar, ki zube mata a tabarma, kada ki faɗa mata wa ya rubuta. Wanda ta ce a sake har dare uku a jere, shi za ki kashe wa kuɗi. In kuma a kanti ne, ki buɗe tsakiya ki karanta shafi biyu a bayyane ƙasa-ƙasa. In harshenki ya sarƙe ki mayar.

Maman_Hibba: Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci zaren zai yi tsawo haka ba. Jiya bayan makaranta mun je laburare, mun aro Sulwe da wasu uku. Hajjo, ta saurara har ƙarshe, ta tambaye ni ko dare da rana da gaske 'yan'uwa ne. Amma da aka gama sai da aka ɗauko na ɓera. Na mawaƙiyar kuwa ya samu aiki: da yake bangonsa na da tauri, ta kifa shi ya zama rufin ɗakin 'yar tsanarta.

Abban_Sadiq: Rufin fam 13. Ko kwanon gidana bai kai haka tsada ba.

Bazinderiya: In ta gama ginin ki aiko min shi ta hannun masu zuwa Kano. Hotunan ma sun ishe mu, labarin ni zan ƙirƙira masa da Hausa.